Filafilin Inna

Ranar Litinin Yaya ta fara lura cewa makirfon ya ƙara tsawo.

Ɗakin ɗaukar muryar bai fi mutum biyu su tsaya a ciki ba. An liƙe bangonsa da baƙin soso, ga gilashi a gaba, Injiniya na zaune a bayansa da na'urorinsa. Wata huɗu ke nan Yaya tana shiga ɗakin nan kowace safiya, kuma tun ranar farko aka daidaita makirfon da bakinta aka ɗaure. Ita dai Allah bai ba ta tsawo ba, ba ta kuma taɓa kai ƙara ba. To yau sai ga makirfo yana leƙen saman kanta.

Ta ce, "Injiniya, wa ya shigo mini ɗaki?"

Injiniya ya danna maɓallin magana, muryarsa ta faɗo mata a kunne. "Mai shara ce ƙila, Yaya. Sauke shi mu fara."

Mai shara. Shekara ashirin Yaya ta yi tana wasan kwaikwayo a rediyo, ba ta taɓa ganin tsintsiyar da ke kwance ƙusar makirfo ta kuma ɗaure ta ba. Amma dai ta sauke abinta. Kowa Yaya yake ce mata, har Inna da ta haife ta, kuma wanda aka saba kira Yaya ba ya tayar da jijiyar wuya a kan ƙaramin abu.

Wasan bidiyo ake yi a kamfanin, irin wanda mutum zai riƙe abin dannawa ya zama shi ne jarumin. Jarumar wannan wasa kuwa mace ce, Mai Fito, 'yar shekara hamsin, tana tsallakar da mutane a kwalekwale cikin garin da ruwa ya cinye. Auta, ƙanen Yaya, shi ya rubuta labarin, kuma bai yi nisan neman jaruma ba: uwarsu ya ɗauka sukutum ya zuba a ciki. Shekara talatin da ɗaya Inna ta yi tana fito bayan rasuwar ubansu, kafin a gina gada. Tabon da filafilin tuƙi ya bar mata a girar hagu yana nan a fuskar Mai Fito, haka ma maganarta ta kullum in fasinja sun fara mutsu-mutsu: "Ku zauna daram, ruwa ba ya son mai rawar kai." Da aka zo neman murya, Auta ya ce babu mai iya maganar Inna kamar wadda ta tashi a gindin kwalekwalenta.

Yanzu idon Inna ya yi rauni, sai kunne. Duk yamma in Yaya ta dawo ta zauna a bakin gadonta, tambaya ɗaya ce.

"Yau ina na kai su?"

Ba ta cewa Mai Fito ta kai su, "na kai su" take cewa. Yaya takan ba ta labari, ta tsallakar da mai naƙuda, ta ƙi ɗaukar wani mai ƙiba da akuyarsa, Inna ta yi ta dariya tana gyara musu inda suka yi kuskure. Tun da idon ya tafi, wannan ne kaɗai abin da Yaya ta ga yana tayar da tsohuwar zaune. Ta riga ta ce ba inda za ta sai ta ji ƙarshen wasan da kunnenta.

Kafin ta tashi aiki ran Litinin ɗin, Yaya ta ciro jan farce daga jaka ta ɗiga a jikin sandar makirfon, daidai inda take ɗaurewa. Washegari ta tarar ɗigon ya haye sama. Ta auna da hannunta: taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Abin sauraren da take sawa a kunne shi ma an buɗa shi, har yana zamo mata a kai. Ran Laraba haka, ran Alhamis haka, taƙi ɗaya da yatsu huɗu, ba ragi ba ƙari. Ashe mai sharar nan tana da ma'auni.

Sai kuma takardun. A wannan sana'a ba a ba mai murya labari ta karanta. Jimloli ake ba ta a warwatse, kowace da lambarta, Injiniya ya ce faɗi wannan da fushi, faɗi wannan kamar kin gaji, su can su harhaɗa. Ba ta san abin da ya zo gaba ko baya ba, labarin da take kai wa Inna ma rabinsa ita ke ɗinke shi. Da can takan sami jimla arba'in a rana. Mako uku ke nan takardun suna ramewa, wannan makon kuwa babu magana ko ɗaya. Lamba ta ɗari shida da biyu, haki. Ta uku, tari kamar an sha ruwa. Ta huɗu, nishi mai tsawo.

Ta ce, "Wai Mai Fito ta kurumce ne?"

Injiniya ya ce, "Ni abin da aka miƙo mini nake ɗauka." Bai ɗago ya dube ta ta gilashin ba, shi da kullum sai ya tsokane ta da cewa a kawo mata kujerar tsayawa.

Ruwa ba ya tsami banza. Yaya ta haɗa ɗaya da ɗaya, ta sami amsar da ta fi kusa: an samo wata muryar. Yarinya, mai zaƙin harshe, doguwa, mai tulin gashin da zai buɗa abin kunne. Tana zuwa da rana bayan Yaya ta tafi, tana sake ɗaukar jimlolin ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tsohuwar hannu an bar mata tari da haki. Kuma ba a yi wahalar neman mai wannan siffa ba. Tana nan a tebur na uku daga ƙofa, ita ce mai zana mutanen wasan, Doguwa ake ce mata.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, Yaya ta sani. Amma kwana biyu ta yi tana aikata zunubin nan da zuciya ɗaya. In Doguwa ta gaishe ta, sai ta saurari muryar, ba gaisuwar ba. In ta yi dariya, Yaya ta ce a ranta, ji makirci. In ta sha ruwan ɗumi, Yaya ta ce ga shi nan, ana tattalin maƙogwaro. Har gyaran murya yarinyar ta yi sau ɗaya, Yaya ta kusa jefar da kofi.

Ran Juma'a ta tare ta a wurin famfon wanke kofuna, ta matso kafaɗa da kafaɗa kamar mai neman sabulu. Ta saci kallon madubin da ke saman famfon, ta auna da ido. Bakin Doguwa ya fi nata da taƙi ɗaya cif. Yatsu huɗun babu su. Ta dubi ƙafarta ko takalmin ne ya canja, sai ta ga silifas, irin wanda take sawa kullum.

Doguwa ta ce, "Yaya, lafiya kike kallona tun shekaranjiya? In wani laifi na yi, ki faɗa mini."

"Kina shiga ɗakin murya?"

"Ni? Da wannan muryar tawa ta ƙofar da ba mai?" Ta yi 'yar dariya, sannan dariyar ta ɗauke. Ta waiga ƙofa, ta rage murya. "Ni dai abin da na sani, mako uku ke nan aka ce in daina zana Mai Fito. Na tambayi dalili, aka ce in tambayi ƙanenki. Ban tambaye shi ba, don in ya hango ni sai ya canja hanya."

Yaya ta ji kunya ta rufe ta, ta wanke kofin da ta riga ta wanke.

A gida ma Auta canja hanyar yake yi, sai yanzu ta lura. Da shi ne mai zama a ƙasa kusa da ƙafar Inna yana rubuta duk abin da ta faɗa a kan ruwa. Yanzu daga bakin ƙofa yake gaisuwa. Ranar da yamma Inna ta ji takunsa ta kira shi.

"Auta, zo ka gaya mini, yaushe zan kai su gaɓar ƙarshe?"

"Saura ƙiris, Inna. Bari in amsa waya."

Wayar ba ta yi ƙara ba. Inna ta ce, "Ɗan nan tun yana goye haka yake. Ka nuna masa kogi ya fara amai. Sau ɗaya na sa shi a kwalekwale, sai da na juyo da mutum goma sha biyu na sauke shi. Ke kuwa kina shekara tara kika karɓe ni ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, kin tuna?"

Yaya ta ce ta tuna, amma hankalinta na bakin ƙofa. Auta ya sunkuyar da kai zai fita, kamar yadda yake yi kullum, don ƙofar Inna ta yi masa gajarta. Yaya ta miƙe kamar za ta ɗauko tsintsiya, ta tsaya a gefensa. Ba ta buƙaci madubi ba. Biri ya yi kama da mutum.

Ran Litinin ta gama hakinta da tarinta kafin azahar, ta yi sallama da kowa, ta bar jakarta a ƙarƙashin kujera da gangan. Ta zauna a rumfar mai gyaran takalma da ke tsallaken titi tana kallon motoci har ƙarfe uku, sannan ta koma. Jar fitilar da ke saman ƙofar Injiniya tana kunne. Ta tura ƙofar a hankali.

Ta cikin gilashin ta ga Auta a ɗakinta, abin kunnenta a kansa, makirfon daidai bakinsa. Yana karantawa daga takarda mai kauri, irin wadda aka daina ba ta. Muryarsa ta fito ta lasifika.

"Ku zauna daram, ruwa ba ya son mai rawar kai."

Injiniya ya waigo ya gan ta, ya cire hannu daga na'ura kamar ta ƙone shi. Auta ya ɗago. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kafin ta ce uffan ya fara cewa, "Yaya, bari in yi miki bayani."

"Fito daga ɗakina tukuna."

Ofishinsa suka shiga, ya rufe ƙofa. Bai zauna ba, ita ma ba ta zauna ba.

Ya ce, "Muryata ta wucin gadi ce. Kafin a samo namijin da zai yi."

"Wane namiji?"

"Ɗan Mai Fito."

"Mai Fito ba ta da ɗa a wasan nan."

"Yanzu tana da shi."

Sai ya faɗa mata, yana kallon tebur. Babban kamfanin da zai fitar musu da wasan kasuwa ya tara masu wasa ya ba su sun gwada. Sun yabi ruwan, sun yabi kwalekwalen, sun yabi garin. Amma sun ce ba wanda zai zauna sa'a ashirin yana kallon bayan tsohuwa. Don haka aka sake labarin: a minti na tara igiyar ruwa za ta kifar da kwalekwalen, Mai Fito ta nutse, ɗanta ya tsinci filafilin ya ci gaba. Duk fasinjojinta sun zama nasa, duk maganganunta sun koma bakinsa.

Yaya ta ce, "Minti tara. Kai da alƙalaminka ka nutsar da Inna a minti tara, ka ɗora kanka a kwalekwalenta. Kuma ka bar ni ina yi mata tarin mutuwa ban sani ba, ina komawa gida ina ce mata ta tsallakar da mai naƙuda. Auta, ɗaukaka kake nema? Da ka ce mini."

Auta ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajenta, ya buɗe wani hoto.

"Zaɓi biyu suka ba ni. Wannan ne ɗayan. Masu zanensu suka aiko shi, Doguwa ma ba ta gani ba."

Yarinya ce da ba ta wuce ashirin ba, a tsaye a kan kwalekwale ta karkace ƙugu, filafilin a kafaɗarta kamar abin ado. Tufafin jikinta gaba ɗaya ba za su ɗaure kan Inna ba, ga su a jiƙe sun manne. An nuna ta ta gaba, an nuna ta ta baya, ta bayan ma ta fi girma a shafin, tun da ita mai wasa zai yi ta kallo. Fuskar kuwa ta Inna ce, hancin, haɓar, har da tabon girar hagu. Tabon sun ce a bar shi, yana ƙara mata kyau.

Yaya ta nemi kujera ta zauna.

Auta ya ce, "Sun ce in wannan ce, za ta rayu har ƙarshen wasan. Zanen fuskar yana hannunsu, mun riga mun miƙa. Na roƙa, na yi faɗa, na ce a canja fuskar, suka ce fuskar aka riga aka tallata. Mako biyu ban iya cin abinci ba. Sai na ga gara in binne ta da zanenta a jiki. In kin ƙi yin minti taran nan, Yaya, babu mutuwa, in babu mutuwa kuma kan yarinyar nan za su koma. Shi ya sa na ce a riƙa ba ki guntu-guntu. Na san in kin ji ba za ki yi ba."

Gaskiya ya faɗa, da ba za ta yi ba. Ta so ƙwarai a ce maci amana ta kama, don maci amana ana zaginsa a huce. Sai ga shi ƙanenta ta kama, da jan ido, gaba kura baya sayaki. Haushin bai tafi ba, ya dai rasa inda zai sauka.

Ta ce, "Saura me?"

"Lamba ɗaya. Ihun ƙarshe."

"Inna ba ta ihu a kan ruwa."

"Na sani. Sun ce in babu ihu mai wasa ba zai ji zafin da zai sa ya so ɗaukar fansa ba."

Ta tashi ta koma ɗakin soso. Ta kwance ƙusar, ta sauke makirfon har jan ɗigon ya koma wurinsa, ta matse abin kunnen daidai kanta. Injiniya ya kunna jar fitila. Ta yi ihun farko, ya ce ya yi gajarta. Na biyu ya ce kamar fushi ne, tsoro ake so. Na biyar ya ce an aiko da umarni a ja shi ya kai daƙiƙa takwas, a kuma ji ruwa yana shiga bakin. Ta kurɓi ruwa ta riƙe a maƙogwaro ta yi. A na goma sha ɗaya Injiniya ya kashe fitilar, ya ce ya yi, bai kuma dube ta ba.

Rana ba ta faɗi ba ta iso gida. A hanya ta shirya labarinta tsaf: yau Mai Fito ta tsallakar da 'yan biki, amarya ta yar da takalmi a ruwa. Ta zauna a bakin gadon.

Inna ta ce, "Yau ina na kai su?"

"'Yan biki kika ɗauko, Inna, sai amarya..."

"Dakata. Me ya sami muryarki?"

"Sanyin ɗakin ne."

"Wata huɗu kina shiga ɗakin, sai yau ya yi sanyi?" Inna ta karkato da kunnenta. "Wannan dushewar ihu ce. Na ji irinta a bakin matan da suka rasa 'ya'ya a kogi. Mako uku kina kawo mini labarai marasa ƙashi, ƙanenki yana amsa wayar da ba ta ƙara ba. Ido ne ya tafi, Yaya, ba hankali ba. Wa ya sa ki ihu?"

Yaya ta ga hannunta yana wasa da bakin zanen gado, idonta yana kan ƙofa, sak yadda Auta yake yi. Ta daina.

"Kwalekwalen ya kife, Inna."

Tsohuwar ta ce, "Ni ban taɓa kifarwa ba."

"Na sani."

"A ƙarshe ne?"

"A farko."

Inna ta gyaɗa kai a hankali, ta shafa tabon girarta da ɗan yatsa. Yaya ta jira kuka ko faɗa, ba ko ɗaya. Hoton nan dai ta riga ta yanke ba za ta taɓa faɗa mata ba, ko da Auta zai ɗauki laifin shi kaɗai.

"To mutanen fa? A tsakiyar ruwa aka bar su?"

"A'a. An sami mai ɗaukar filafilin."

"Yauwa." Fuskar Inna ta ɗan saki, ta lalubo hannun Yaya ta riƙe, tana shafa tafin da kantar tuƙi ba ta gama barinsa ba har yau. "In ke ce, ba komai. Dama haka aka yi."

"Ba ni ba ce, Inna. Ɗanki ne."

"Wane ɗan nawa? Auta? Mai amai?"

"Shi."

Inna ta yi wata 'yar dariya, gajera, marar daɗi. Ba ta saki hannun ba.

"Ke kina ina a lokacin?"

Yaya ta yi gyaran murya sau biyu.

"A wasan ba ki haifi mace ba, Inna."